Nasani da Awon Kekuna

In ana lissafin mutanen da ba a taɓa jin "ban sani ba" daga bakinsu ba, mai labulen nan na bakin layi shi zai zo a farko. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Nasani, har sunansa na gaskiya ya ɓace. Sana'arsa ɗaura labule a gidajen mutane: ya auna taga, ya kafa ƙarfe, ya rataya. Rabin labulayen unguwar suna share ƙasa, rabi kuma sun ɗage kamar wandon da ya yi wa mai shi kaɗan. In ka yi magana sai ya ce magini ne ya karkata tagar.

Yayarsa tana da 'ya, ana ce mata Auta, tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti. Yarinyar ta daɗe tana ganin yadda ake cicciɓar masu keken guragu kamar buhu a duk lokacin da za a ɗora su a gadon gwaji, alhali da yawansu suna da ƙarfin hannun da za su hau da kansu in da gadon ya yi daidai da kujerar kekensu. Sai ta nemi izinin yin bincike. Za ta auna tsayin mazaunin kowane keke daga ƙasa zuwa saman kushin, ta fitar da tsayin da ya fi dacewa da kowa, kafinta ya ƙera gado a kai, a ajiye a zauren da ƙungiyar masu kekunan ke taruwa. Babban Likita ya ce zai zo ya gani da idonsa. In abin ya yi, a canza gadajen sashen gaba ɗaya. In bai yi ba, ta koma bakin aikinta ta daina damun mutane.

Ranar da za a yi awon sai zazzaɓi ya kwantar da Auta. Nasani ya shigo duba ta, ya tarar tana rawar sanyi tana neman wanda za ta aika. Da yake yana da babur, ta roƙe shi ya biya zauren ya gaya wa Shugaban ƙungiya cewa an ɗaga awon sai ta warke. Ta maimaita masa sau biyu, don ta san kawunta.

"Kawu, saƙo kawai za ka kai."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai tun ba a haife ta ba yake kai saƙo.

Bai kai ƙofar gida ba tunani ya zo masa. Wai awo ne ya tsayar da aiki, alhali ga wanda ya yi furfura a cikin awo yana tsaye? Ya hango kansa a gaban Babban Likita ana tafa masa, ya hango hotonsa a bangon asibiti. Sai ya juya babur ya nufi shagonsa. Ya ɗauko ƙarfen labule mai tsawo, ya ɗaure masa kwalbar ruwa a tsakiya don gane karkata, ya rataya kwaɗon ƙofa a jikin igiya don gane miƙewa, ya soka tef ɗin awo a aljihu. Maƙwabcinsa mai aski ya leƙo ya tambaye shi ko kamun kifi za shi. Ya ce aikin asibiti ne, ba abin da zai iya yi wa mai aski bayani ba.

Zauren babban ɗaki ne mai faɗi, da gangaren siminti daga ƙofarsa zuwa bakin titi. Mutanen sun riga sun hallara, maza da mata, kowa a kan kekensa. Shugaban nasu tsohon direban babbar mota ne, mai faɗin ƙirji da kaifin harshe, wanda hatsari ya zaunar da shi shekaru da yawa da suka wuce. Nasani ya shiga da ƙarfensa a kafaɗa, ya buge fankar sama da shi, sannan ya sanar da cewa Auta ba ta da lafiya, amma ta turo wanda ya koya mata aikin.

Shugaba ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dubi kwaɗon da ke lilo, ya ce to bismilla, a fara da shi.

Nasani ya kewaya keken yana ƙanƙance ido. Ya dafa ƙarfen a kan wurin ɗora hannu, ya saki igiya zuwa ƙasa, ya faɗi wani adadi da murya mai nauyi.

"Malam," in ji Shugaba, "ni dai tun da na samu keken nan ban taɓa zama da gwiwar hannu ba."

Nasani ya ce gwaji ne, yana ɗumama na'urar. Ya sauke ƙarfen zuwa mazauni, ya yi ƙoƙarin cusa shi ƙarƙashin cinyar Shugaba, sai murfin kwalbar ya fice, ruwan ya tsiyaye a kan wandon tsohon. Shugaba ya dubi wurin. Daga baya ya roƙi jama'a su zama shaida cewa ruwan na na'ura ne, saboda yana da jikoki.

Ta biyu wata mata ce mai ɗinki, wadda ta ɗinka wa kekenta kushin mai kauri da hannunta. Nasani ya ce sai an cire kushin ɗin, domin ha'inci ne, yana ƙara mata tsawon da ba nata ba. Ta tambaye shi ko shi in zai auna taga sai ya fara cire bangon. Ya ce wannan daban. Ta ce a kan kushin ɗin take zama, daga kansa take hawa gado, in yana son awon keken da ba kowa a kai, ya tafi inda ake sayar da su. Ya ga ba zai ci riba a nan ba, sai ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin keken don ya auno daga ciki. Hannun rigarsa ya maƙale a cikin wayoyin taya. Ya ce ta matsa gaba kaɗan, ta matsa, rigar ta ƙara naɗewa. Ya ce baya yake nufi, ta koma baya, tayar ta bi ta kan ɗan yatsansa. Ya fito yana yarfe hannu yana cewa da ma yana so ya gwada nauyin keken.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne kowane keke da nasa tsayin. Na wannan ya ɗara na wancan, na wancan bai kai na gaba ba. A ganinsa aikin ƙwararre dole ya ba da amsa guda, in amsa ta rarrabu to akwai mai laifi. Ya tsaya ya riƙe haɓa, ya zuba wa tayoyin ido, nan take ya kama ɓarawon: iska. Wani tayarsa cike tam, wani ta ɗan saki. Ta yaya za a yi adalci alhali kowa da irin iskarsa?

Bai shawarci kowa ba, don kada a sace masa dabara. Ya ce zai sake zagayawa karo na biyu. Duk keken da ya tsuguna a gefensa sai ya danna ɗan bakin da ake hura iska da tsinken ashana, yana tari da ƙarfi don ya rufe ƙarar. Mai ɗinki ta tausaya masa, ta ce ya nemi magani tun da wuri, tarin nan har da fito yake yi.

Shugaba ne ya fara lura. Ya ce da wanda ke kusa da shi ko dai teburin nan tsawo yake ƙarawa, ko kuma shi ne yake nutsewa. Wancan ya ce shi ma tun ɗazu yake jin kamar ƙasa tana kiransa. Wani ya yi ƙoƙarin matsawa ya ga, keken ya ƙi tafiya, tayoyin sun baje a kan siminti. Kafin a ce me, zauren gaba ɗaya ya gano cewa babu mai iya komawa gida.

Nasani ya miƙe ya ɗaga hannu, ya ce kowa ya natsu, wannan mataki ne na kimiyya, iskar kowa za ta dawo masa yadda ya ba da ita. Wani mai gyaran waya daga can baya ya tambaya a ina ya adana ta. Mai ɗinki ta ce tana da kayan mutane da za ta miƙa kafin yamma, in ba ta isa ba, shi zai je ya yi musu bayanin kimiyya.

Aka ce a kira mai facin da ke tsallaken titi. Nasani ya ce ba sai an kira shi ba, famfonsa kawai za a aro. Ya fara da keken Shugaba don girmamawa. Yana bugawa yana bayanin yadda kunnensa ke gane cikar taya daga sautinta. Shugaba ya ce ya isa. Nasani ya ce saura kaɗan. Shugaba ya ce ya yi shekaru yana tuƙa mota mai tayoyi fiye da yatsun hannu, ya san lokacin da taya ta ƙoshi. Nasani ya ce ta mota daban, ta keke daban, ya ƙara danna famfon da dukan nauyinsa.

Ƙarar da ta tashi sai da ta sa masu shaguna a layin suka fara jan ƙofofinsu. Wata mai sayar da lemo ta watsar da tirenta ta ruga. Da ƙura ta lafa aka ga Shugaba a karkace gefe guda kamar motar da ta faɗa kwata, Nasani kuma yana bayan teburi, ba wanda ya ga lokacin da ya isa can. Ya fito yana karkaɗe riga, ya ce tayar da ma tsohuwa ce, gara da ta fashe a gaban masani.

Mai faci ya zo da kansa ya yi ta aiki har rana ta yi sanyi. Ana cikin haka Nasani ya tuna bai samu adadin da zai kai ba. Ya lallaɓa ya sake kwanciya a gefen keken mai ɗinki, wanda aka riga aka cika wa iska, ya ja tef daga ƙasa zuwa saman kushin, ya karanta abin da ya fuskanto shi yana kwance kai a juye. Hamsin. Tef ɗin fuska biyu gare shi, inci a gefe guda, santimita a ɗayan, amma shi a duk rayuwarsa gefen inci kaɗai yake dubawa, bai taɓa tambayar abin da ɗayan yake yi a wurin ba. Bai lura ba wannan karon gefen santimita ya karanta.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai wurin kafintan da Auta ta yi magana da shi. Ya ce an gama bincike, a yi gado mai tsayin hamsin.

Kafinta ya ajiye zarto ya tambaya, "Hamsin ɗin me?"

"Kai da me kake awo?"

"Inci."

"To akwai wani abu ne bayan inci?"

Kafinta ya ɗaga hannu daidai ƙirjinsa ya ce nan fa hamsin take. Nasani ya ce shi ya sa ake kiran abin bincike, in da abin da kowa ya sani za a yi, da ba a tara likitoci ba. Ya ƙara da cewa kada ya gaya wa Auta, so yake ya ba ta mamaki. Kafinta ya ce shi dai katako aka ba shi, ba a ba shi shawara ba, ya ɗauki fensir.

Da Auta ta samu sauƙi labarin tayoyin ya iso mata ta bakin Shugaba, wanda ya ba da shi dalla-dalla har da kwaikwayon tarin. Ta rufe fuska da tafin hannu ta yi ta ba da haƙuri. Ta je ta samu kawunta, ya ce mata mutanen ba su saba da sababbin hanyoyi ba ne, amma maganar gado bai ce mata uffan ba. Ita a saninta ba a ƙera komai ba tukuna. Ta shirya cewa ranar da Babban Likita zai zo za ta yi awon a gabansa, ta roƙi ƙarin lokaci.

Ranar ta zo. Zauren ya cika, har da ma'aikatan jinya da masu shagunan layin, waɗanda tun ranar fashewar taya ba sa bari wani abu ya wuce su a wurin. Auta ta shigo tare da Babban Likita, wani dogon mutum mai magana a hankali, sai ta ga wani abu a tsakiyar ɗaki an lulluɓe shi da labule mai furanni. Kawunta yana tsaye a gefe cikin sabuwar riga.

Bai jira a gabatar da shi ba. Ya yi jawabi a kan shekarunsa a fagen awo, ya gode wa 'yarsa da ta taimaka masa da 'yan abubuwa, sannan ya fizge labulen.

Gadon ya yi kyau, ba a cewa komai. Katako mai sheƙi, katifa mai laushi, ƙafafu huɗu dogaye sirara kamar na raƙumin dawa. Shugaba ya tura kekensa a hankali ya matso, bai tsaya ba, ya shige ta ƙarƙashin gadon ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya ɗan sunkuyar da kai kawai. Ya ce inuwar tana da daɗi, yana so ya san ko ana ba da haya. Mai ɗinki ta tambaya ko tsanin yana hanya ne. Mai gyaran waya ya ce shi a ganinsa gadon mutanen bene ne aka kawo musu bisa kuskure.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki za ta yi bayani, Nasani ya riga ta. Ya ce tsayin da gangan ne, yana ƙarfafa damtse, kuma duk wanda ya san dabarar zai hau cikin ƙiftawar ido. Babban Likita ya gyara tabarau ya ce shi bai taɓa ganin dabarar ba, zai so a nuna masa.

Akwai keke guda a kusurwa da ake ajiyewa don baƙi. Nasani ya zauna a kai yana murmushi, ya tura kansa zuwa gefen gadon. Shugaba ya fara cewa wani abu game da birki, Nasani ya ɗaga masa hannu ya ce a bar gwani ya yi aikinsa. Ya miƙa hannu sama ya kama bakin gadon, ya ce jama'a su lura ba zai taka ƙasa ba ko kaɗan, sannan ya ja jikinsa.

Keken ya fice daga ƙarƙashinsa kamar an harba shi. Ya ratsa tsakiyar mutane, ya fita ƙofa, ya bi gangaren ya sauka titi shi kaɗai, masu shaguna suna buɗe masa hanya. Nasani ya rage a rataye, haɓarsa a kan katifa, ƙafafunsa suna tuƙa keken da babu shi. Da ya sauke ƙafa zai taka ƙasa lafiya lau, amma ya riga ya yi alkawari a gaban Babban Likita. Ya yi ta fafutuka yana nishi, ya jefa gwiwa ɗaya sama, aljihun wandonsa ya kama kusurwar katako ya yage har ƙasa. Da ƙyar ya mirgina ya hau. Ya zauna ya ɗaga hannu biyu yana haki, yana jiran tafi.

Babban Likita ya ce madalla, an ga hawa. Saura sauka, tun da mara lafiya ba a gadon gwaji yake tarewa ba.

Aka dawo da keken daga titi, aka ajiye a ƙasa, wannan karon Shugaba da kansa ya danne birkin. Nasani ya leƙo. Bai taɓa sanin kujerar keke tana da ƙanƙanta haka ba. Ya yunƙura zai juya, sai wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, bayansa ya riƙe. Ya kasa gaba, ya kasa baya. Ya zauna a sandare, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana tattare yagaggen wando, yana kallon tazarar da ke tsakaninsa da kujerar. A karon farko tun da aka san shi, bakinsa ya mutu.

Mai ɗinki ta ɗago kai ta ce masa, ba tare da dariya ba, haka suke kallon gadon asibiti kullum. Babban Likita ya juya wurin Auta ya ce ta ci gaba da bincikenta, ya ga abin da ya isa, kuma ta fara yanzu.

Ta ciro tef ɗinta ta bi kekunan ɗaya bayan ɗaya, kowa a zaune a kan kushin ɗinsa, tayoyi cike. Ma'aikatan jinya suka ce za su sauko da Kawu, amma duk wanda ya taɓa shi sai ya yi ƙara ya ce bayansa. Aka rasa yadda za a yi. Shugaba ne ya kawo shawara: tun da dole a rage ƙafafun gadon, a kira kafinta ya rage su da mutumin a kai, kaɗan-kaɗan, ƙafa bayan ƙafa, har ya iso ƙasa da kansa.

Haka aka yi. Auta ta auna kujerar keken baƙin, ta ga ta zo daidai da tsakiyar abin da ta samu, ta ce a sauke gadon zuwa nan. Ma'aikata suka riƙe gefe-gefe, kafinta ya tsuguna da zarto. In ya yanke wannan ƙafa gadon ya karkata hagu, in ya yanke waccan ya karkata dama, Nasani yana tangaɗi a sama kamar mai tsallaka kogi a kwalekwale. Mutanen titi suka cika ƙofa da tagogi, wasu suna yi wa kafinta kirari. Da aka zo rabi bakin Nasani ya dawo, ya fara gaya wa kafinta cewa ba haka ake riƙe zarto ba.

A hankali katifar ta sauko har ta yi kafaɗa da kafaɗa da kujerar keken. Shugaba ya nuna masa inda zai dafa da yadda zai zame. Ya dafa, ya zame, sai ga shi a kujera ba tare da kowa ya ɗaga shi ba. Zauren ya ɗauki tafi, don kowa ya ga gadon da suka daɗe suna nema. Nasani ya ɗauka nasa ne, ya sunkuyar da kai yana amsawa. Sannan ya tambayi Auta, cikin muryar malami, nawa tsayin ya kama yanzu.

Ta ɗora tef daga ƙasa zuwa saman katifa, ta duba gefen santimita. Ta sake dubawa. Ta so ta naɗe shi shiru, amma ya riga ya leƙo.

"Hamsin," in ji Nasani, yana waiwayar jama'a. "Me na ce tun farko?"

Shugaba ya matso kusa da shi. Sannan ya miƙa hannu a hankali ya sakar masa birki, keken ya fara silalewa ya nufi ƙofa da gangarenta.